Ƙibar Jego da Ranar Yaye: Waiwaye Cikin Tarihi

Kalmar “yaye” ta yi nisan zango a bakin Hausawa. A yau ana yaye ɗalibai a jami'a, ana yaye kuratan soja a Zariya, yaron tela ma ubangidansa kan yaye shi idan hannunsa ya faɗa. Duk waɗannan aro ne daga ɗakin mai goyo, inda asalin kalmar ke nufin raba yaro da nonon uwarsa. Aron kuwa ya dace, domin Bahaushe ya daɗe da ɗaukar yaye a matsayin babban mataki, wanda ake yi wa shiri, a sa masa rana, kuma idan aka yi shi kafin lokacinsa ana iya rasa rai.

Abin da ya sa muka waiwayi wannan kalma shi ne wata damuwa da ake yawan ji a bakin matan birni a 'yan shekarun nan. Mace tana goyon wata bakwai ko takwas, sai ta ga rigunanta sun fara matse ta, yunwa kuma ba ta barinta dare da rana. Daga nan sai shawarwari su yi ta zuwa. Wata ta ce shayarwar ce ke buɗe mata ciki, ta cire yaron daga nono ta huta; wata ta ce ta daure har ya fara tafiya; uwar miji kuma ta ce a zamaninsu ba a ko tayar da maganar sai an doshi shekara biyu. Damuwar tana kama da sabuwa, amma alaƙar da ke tsakanin naman jikin uwa da ranar yaye tsohuwa ce ƙwarai. Za mu bi sawunta daga littattafan fiƙihu zuwa ɗakin jego, daga nan zuwa asibitocin Akra da Zariya, domin mu ga wanda tarihi ya nuna yana biyan bashin yayen gaggawa.

Ma'aunin Shekara Biyu

Ma'aunin da aka fi kafa hujja da shi a ƙasar Hausa daga Alƙur'ani ya fito. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa. A cikin ayar ce kuma aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali, sannan aka ba da damar yaye kafin cikar wa'adin, muddin uwa da uba sun yi shawara sun amince. Aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta sake ambatar shekara biyun, aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf kuma ta haɗa ciki da shayarwa ta ba su wata 30. Daga haɗa waɗannan ayoyi ne malamai suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata 6 ne.

Duk wanda ya zauna a zauren malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya nono yana ƙulla zumunta. Yaron da ya sha nonon wata mata a cikin shekara biyun farko, ko kimanin wata ɗaya zuwa biyu da suka biyo bayansu, ya zama ɗanta ta fuskar haramcin aure, 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa. Ke nan tun da wuri shayarwa ta shiga cikin abubuwan da alƙali ke dubawa. Abin lura ga maganarmu shi ne yadda aya guda ta haɗa nonon yaro da abincin uwa da kuma shawarar iyaye biyu, ba ta raba su ba.

Akwai wurin da al'ada ta zarce shari'a. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana miji kusantar matarsa mai shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, saboda haka bai hana ba. Duk da haka Hausawan da, musamman na karkara, sun riƙe ƙauracewar ma'aurata har zuwa yaye da ƙarfin gaske. Za mu ga dalilinsu nan gaba.

Jego: Ciyar da Uwa Domin Ɗa

Shirin jego yakan fara tun ciki ya tsufa. Maigida ya tara itacen wanka, a tanadi babbar tukunya da gero da kanwa da kayan yaji. Idan haihuwar fari ce, sau da yawa gidan iyayenta mace ke komawa. Bayan ta sauka, ungozoma ko wata tsohuwa ta riƙa yi mata wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana tsoma ganyen runhu ko darbejiya ana fyaɗa mata, har kwana 40, wasu kuma su zarce zuwa wata uku ko huɗu. A wasu yankuna har gadon ƙasa ake gina mata a hura wuta ƙarƙashinsa ta kwanta ta gasa jiki. Hujjar tsofaffi ita ce jikin mai jego a buɗe yake, idan sanyi ya shige shi ta gamu da ciwon da ba ya jin magani.

Ta fuskar abinci kuwa, ba a yi wa mai jego rowa. Kafin suna maigida ya sayo ƙafafun sa a dafa kauri da yaji mai yawa. Ga kunun kanwa kullum, ga tuwo da miya mai zafi, ga naman ragon suna da aka soya aka ajiye mata. Ranar da ta koma ɗakinta kowa jikinta yake kallo. Idan ta murje ta yi ɓulɓul, sai a ce jego ya karɓe ta, a yaba wa iyayenta da mijinta. Idan ta dawo a rame, to an sami abin faɗa a gidan biki. Ƙibar jego a wancan zamani shaida ce ta cewa an kula da mace.

Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ilmin likitanci ya gaskata su a nan. Jikin mai ciki yakan ajiye kitse kimanin kilo 2 zuwa 4 domin shayarwar da ke tafe. A watanni shidan farko mace tana samar da abin da ya kai kashi uku cikin huɗu na lita na nono a kullum, wannan kuma yana cin kimanin kalori 500 daga jikinta, wato kwatankwacin ƙarin kwanon abinci guda. Sai mu tuna da irin aikin da ke jiran mai jegon da: surfe da daka sau biyu a rana, niƙa a dutse, jan ruwa a rijiya, ga wadda ba ta cikin kulle kuma ga itace ga gona. Naman da aka tara cikin kwana 40 guzuri ne na wata 20 da ke gaba, kuma kafin yaye ya zo yakan narke.

Wasu masu bincike daga Ingila sun shafe shekaru suna auna mata manoma a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda damina ke zuwa da aiki da ƙarancin hatsi kamar yadda take zuwa mana. Sun ga masu shayarwa suna zubewa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da aka gwada ba su ƙarin abinci a wajejen 1980, sai aka tarar yawan nonon bai ƙaru ba, amfanin ya tsaya a jikin uwar. Ma'anar wannan ita ce jikin mace yana fifita nono a kan kansa. Ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba yaro zai samu, ita ce za ta biya da namanta.

Tsarin na da yana da nasa kurakurai. A wurare da yawa ana matse dakashi, wato nonon farko mai kauri, a zubar, bisa zaton cewa ƙazanta ne, alhali shi ne ya fi kowane nono sinadaran kariya daga cuta. A madadinsa sai a ba jariri ruwa ko bauri ko nonon akuya. Shi kansa yayen a rana ɗaya ake yin sa. A ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, a ba shi rubutun dangana, idan kuma dole ya zauna kusa da uwarsa a shafa maɗaci a kan nono. A wasu wurare ana riga yaye namiji, bisa camfin cewa idan ya daɗe yana shan nono zai yi daƙiƙanci. Abin da ya sa yawancin yara ke tsallake wannan rabuwa ta farat ɗaya shi ne sun riga sun kusa shekara biyu, suna tafiya, suna cin tuwo da hannunsu.

Kwanika da Cutar Korarren Yaro

Babban abin da ke rushe wannan lissafi shi ne sabon ciki. Hausa tana da kalmomi na musamman ga macen da ta sami ciki da goyo a baya: a ce ta yi kwanika, idan kuma abin ya zame mata jiki a ce tana rurrutsa. Abin kunya ne babba, ana yi mata habaici, mijinta ma bai tsira ba. Da an tabbatar da cikin sai a yanke yaron daga nono nan take, ko da wata tara yake da shi, domin an yi imani nonon mai ciki guba ne. Idan ya fara zawo yana lalacewa sai a ce ya sha ciki.

Muna da shaidar wannan daga bakin wadda ta rayu a ciki. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Ita Baba Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta kuma yi bayanin haihuwa da wanka da suna da yaye filla-filla. A bayaninta shekara biyu ce ƙa'ida, kuma ta bambance cewa shigar sabon ciki ne ke cutar da yaron da ke nono. Ashe ƙauracewar da al'ada ta tsananta a kai hanya ce ta ba da tazara tsakanin haihuwa da haihuwa, a zamanin da babu wata dabarar. Auren mace fiye da ɗaya shi ma ya sauƙaƙa wa maza riƙe ta.

Hausawa ba su kaɗai suka lura da wannan ba. A 1929 wata likita haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams ta fara aiki a Gwalkwas, wato Gana ta yau. A asibitin yara na Akra ta riƙa ganin 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu da kumburin ƙafafu, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu tana saɓulewa, da yawansu kuma suna mutuwa. Ta rubuta bayanin cutar a 1933, a 1935 kuma ta sa mata sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, wato kwashiyoko, wanda ke nufin ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan ƙanensa ya kore shi daga nono. Ta danganta ta da kokon masara tsura da ake ɗora yaran a kai, wanda ba ya ɗauke da abin gina jiki.

Abin da likitoci suka tabbatar daga baya shi ne nonon mai ciki ba guba ba ne, yana dai raguwa. Abin da ke jefa yaro cikin tamowa shi ne a cire shi daga nono farat ɗaya, cikinsa bai iya ɗaukar tuwo ba, a bar shi da kunu tsararo da ruwan da ba shi da tsabta. Tsofaffi sun ga cutar da idonsu, sun kuma gane lokacin da take zuwa, sai dai maganin da suka zaɓa, wato gaggauta yaye, shi ne ke ƙara mata ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara, David Morley, ya fara auna nauyin yara wata-wata a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa, daga aikinsa kuma aka sami katin awon nan da ake ba iyaye a asibitoci. A kan katin kowa na iya ganin yadda layin nauyin yaro ke tsayawa ko ya sunkuya a daidai lokacin da aka yi masa yayen gaggawa.

Zuwan Madarar Gwangwani

Abu na biyu da ya jawo ranar yaye kusa daga Turai ya zo. A 1867 wani mai haɗa magunguna, Henri Nestlé, ya fara sayar da garin abincin jarirai na madara da alkama a garin Vevey na Suwizalan. An yi shi ne domin marayu da yaran da uwayensu suka kasa shayarwa, kuma har gobe irin wannan madara tana ceton rayukan irin waɗannan yara. Matsalar ta taso lokacin da kamfanoni suka juya ga matan da nononsu lafiya lau yake, a ƙasashen da babu ruwan famfo.

Cicely Williams ɗin nan ce ta fara ɗaga murya. Bayan an mayar da ita Malaya, ta tarar kamfanonin madara suna tura 'yan mata sanye da fararen kaya irin na ma'aikatan jinya gida-gida suna tallar gwangwani. A 1939 ta yi lacca a Singafo wadda ta sa wa take “Madara da Kisan Kai”. Hujjarta mai sauƙi ce. Madarar gwangwani tana bukatar tafasasshen ruwa da tsabtataccen bulumboti da awo daidai da kuɗin saye a kai a kai. Matar talaka takan tsinka madarar da ruwa don gwangwanin ya kai ƙarshen wata, yaro ya kamu da zawo da yunwa a lokaci guda, kafin ta farga kuma nononta ya kafe, babu hanyar komawa.

An ɗauki fiye da shekara 30 kafin duniya ta saurara. A 1973 wata mujalla a Ingila ta buga hira da David Morley da Ralph Hendrickse, dukansu likitocin yara da suka yi aiki a Nijeriya, suka bayyana abin da suka gani. A 1974 ƙungiyar War on Want ta fitar da rahoto mai taken “Makashin Jarirai”. Wasu 'yan gwagwarmaya a birnin Bern suka fassara shi zuwa Jamusanci da taken da ya ambaci sunan Nestlé kai tsaye, kamfanin ya kai su ƙara. A 1976 kotu ta ci kowannensu tarar faran 300 saboda taken, amma alƙalin ya gargaɗi kamfanin da ya sake salon tallarsa. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin a Amurka, yunƙurin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. A watan Mayu na 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta ga uwaye. Ƙasashe 118 suka goyi baya, 3 suka ƙaurace, Amurka kaɗai ta ƙi.

A Nijeriya bulumboti ya sami gindin zama a birane a shekarun arzikin man fetur na 1970, lokacin da ya zama alamar wayewa, mata kuma suka ƙara shiga aikin ofis mai gajeren hutun haihuwa. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, gwangwani ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma likitan yara ne, yake ministan lafiya, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 41 kan sayar da abubuwan maye gurbin nono. A shekarar ce aka yi sanarwar Innocenti a birnin Fulorans na Italiya, a 1991 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai. Tun 2001 shawarar hukumar ita ce nono zalla, ko ruwa babu, har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu ko fiye. Bayan doguwar tafiya an dawo kan ma'aunin da kakanni suka sani, tare da gyaran da suke bukata. Gyaran kuwa bai gama shiga ba, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla a Nijeriya.

Abin da Aka Gano a Zariya da Kano

A duk wannan fafutuka ido yana kan jariri. Wurin da aka juya aka dubi jikin mai jego da kyau shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga ƙarshen shekarun 1960 likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa 'yan makonni bayan haihuwa da kumburin jiki da haki da tari, zuciyarsu ta gaza. Sun bi mata sama da 200, suka buga sakamakon a 1978. Ƙiyasinsu shi ne kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin Zariya tana gamuwa da wannan ciwo, adadin da ya yi wa na Turai fintinkau. Sun zargi gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke sa jiki riƙe ruwa, tare da zafin wanka da na gadon wuta.

Wannan bayani ya yi shekaru ana koyar da shi. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata sama da 400 daga asibitoci daban-daban na Nijeriya, suka buga a 2020. Sun tabbatar ciwon yana da yawa a arewa maso yamma, amma ba su sami alaƙa mai ƙarfi tsakaninsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne hawan jini lokacin ciki, rashin karatun boko, rashin abin yi, da kuma rama. Wani binciken nasu na baya ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Darasi biyu ke nan ga mai karatu. Na farko, ga mafi yawan matan karkara hatsarin da ke tare da shayarwa har yanzu rama ce. Na biyu, ba duk cikar jiki ce ƙiba ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki idan ta kwanta, asibiti take bukata a ranar, kada a tsaya ana cewa jego ya karɓe ta.

Kammalawa

Idan muka dawo ga matar birni da muka fara da ita, za mu ga abin da ya canza. Kauri da kunu da soyayyen nama suna nan, an ma ƙara musu shayi mai kauri da burodi da lemon kwalba. Turmi da dutsen niƙa da guga kuwa injin niƙa da famfo sun karɓe su. Guzurin da aka tsara domin mai daka sau biyu a rana yanzu mai zama a ofis ko a falo ake ba shi, ga rashin barci da ke ƙara buɗe ciki. Ƙibar tata gaskiya ce, kuma tana da haƙƙin ta damu da ita, tun da ciwon sukari da hawan jini suna bin ƙiba. Sai dai bincike ya nuna tasirin shayarwa a kan nauyin mace ƙarami ne, kuma ya bambanta daga wata zuwa wata. Ranar da ta yaye, ƙofar da kalori 500 ke fita ta rufe, idan cin bai ragu ba nauyin hawa zai yi. Gyaran yana cikin kwano da motsa jiki. Ita kanta uwar tana da riba a shayarwa, domin wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara ta shayarwa tana rage hatsarin sankarar mama da kimanin kashi 4 cikin 100.

Matsin da ya fi ƙiba ƙarfi a yau shi ne na aiki. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, alhali ana neman ta ba da nono zalla wata 6. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun ƙara wa ma'aikatansu mata hutun zuwa wata 6, amma mai aiki a kamfani ko mai sana'ar hannu wannan bai shafe ta ba.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne duk lokacin da wani abu daga waje ya jawo ranar yaye kusa, ko kwanika ko gwangwani ko kiran aiki, yaro ne ke fara biya, musamman a gidan da babu wadata. Saboda haka alamun da suka cancanci a duba a jikin yaron suke: yana cin abincin gida sosai, layin katin awonsa yana hawa, ba ya cikin ciwo. A rage shan nonon sannu a hankali cikin makonni, a guji yin yaye a tsakiyar zafin bazara ko lokacin da zawo da ƙyanda ke yawo. Idan kuma lafiyar uwa ko wani uzuri ya tilasta a yi da wuri, ƙofar a buɗe take tun a cikin ayar Baƙara, da sharaɗin da ta gindaya na shawara tsakanin uwa da uba, wanda ke nufin uban ya san abin da zai maye gurbin nonon, ya kuma tanade shi.

Saura kira ga 'yan'uwa marubuta. Tsofaffin da suka yi wankan wata huɗu, suka karɓi jikoki yaye, suka san bambancin kwanika da rurrutsa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da Baba ta Karo ta faɗa ya tsira ne saboda an sami wadda ta zauna ta rubuta. Kowannenmu yana da irin wannan tsohuwa a danginsa, kuma ya kamata a je a tambaye ta tun tana iya ba da amsa.